Yadda Talabijin Ya Haɗiye Lanƙwasar Ɗalibata

Akwai wani abin kunya da ya same ni a zangon karatun da ya wuce, wanda na daɗe ina jinkirin kawo shi wannan fili, domin kuwa ba kowane malami ne yake son a ji cewa ya hukunta ɗalibinsa a kan laifin da bai aikata ba. Amma da na lura da yadda abokan aikina da dama, da lauyoyi da likitoci da ma'aikatan ofis da nake hulɗa da su, suka shiga sayen akwatin talabijin suna jona shi da kwamfuta a maimakon allonta, sai na ga cewa shirun nawa ba shi da wani amfani. Gara in tona asirin kaina, ko Allah Ya sa wani ya kauce wa ramin da na faɗa.

Maganar daga idona ta faro. Duk wanda ya haura shekara 40 yana sana'ar karatu da rubutu ya san ranar da zai wayi gari ya ga yana miƙa takarda can nesa kafin ya iya karanta ta. Likitocin ido sun ce ba ciwo ba ne, girma ne, wato ƙwayar idon ce take rage laushi, sai ganin abu na kusa ya riƙa yi mata wuya. Kwamfutar da nake aiki da ita ta tafi-da-gidanka ce mai allo inci 14, kuma a kanta nake duba kundayen ɗalibai, waɗanda a fanninmu na kimiyyar harshe cike suke da jadawalai na ƙananan haruffa masu ɗauke da alamomin karin sauti da na tsawon wasali. In na yi sa'a biyu a kai, sai in ji kamar an watsa mini yashi a ido. Na yanke shawarar neman babban allo. To, amma tun daga tsakiyar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk abin da ake shigowa da shi daga waje sai malamin jami'a ya yi lissafi ya sake lissafi kafin ya taya.

A shagon da na shiga, allon kwamfuta mai inci 24, wanda 'yan kasuwa suke kira monita, da talabijin mai inci 32, kuɗinsu ba shi da nisa da juna. Mai shagon, wani matashi mai zaƙin baki, bai sha wahalar shawo kaina ba. Ya ce, “Yallaɓai, wannan ai ba sai an yi shawara ba. Ka yi aikinka da rana, da dare iyali su kalli fim. Ga lasifika a jikinsa, ga rimot. Wancan ƙaramin ko magana ba ya yi.” Na dubi kwalin, ga HD an rubuta da manyan baƙaƙe, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na manta da cewa tun tuni magabata suka ce araha ba ta ado. Na kai shi gida, na ɗora a kan teburin karatu, na soka wayar HDMI, nan take hoton kwamfuta ya fito ya cika bango. Mako biyu na yi ina yaba wa kaina dabara.

A cikin ɗaliban da nake duba wa aikin digiri na biyu akwai wata baiwar Allah, malamar sakandare ce a wani gari mai nisan tafiyar sa'a uku a mota, ga goyo, tana nazari a kan karin sauti a Hausar yankinsu. Na riga na mayar mata da babi na huɗu sau ɗaya, na ce ta gyara jadawalan misalai, ta kuma sa duk abin da ta taɓa da jan rubutu don in gane shi da wuri. Ta gyara ta aiko. Na buɗe shi da dare a kan sabon allona, na ƙanƙance shafin don ya fito gaba ɗaya, sai na ga ɓarna. Inda ya kamata a ga ƙasa sai ga kasa, gaɓa ta koma gaba, ɗaki ya zama daki, alamar karin ƙasa kuwa wani wuri ga ta, wani wuri sai wani jan dusu-dusu a kan wasalin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta mata kalmomin da har yau nake jin nauyinsu, na ce wanda bai iya bambanta ka da ƙa ba, ba shi da hurumin yin magana a kan karin sauti. Ban tsaya nan ba, sai da na cire sunanta daga jerin waɗanda za su gabatar da aikinsu a taron sashe na watan.

Bayan kwana uku ta zo ofis, ta rusuna ta gaishe ni, ta fito da takardu daga jaka. Ta ce, “Allah Ya gafarta Malam, na duba har sau uku ban ga inda na bar lanƙwasa ba, shi ne na ce bari in buga a takarda in kawo, ko Malam zai nuna mini wurin.” Na karɓa na duba. Kowane ƙa da lanƙwasarsa, kowane ɗa da tasa, kowace alama tana zaune daram a kan wasalinta. Na buɗe ainihin abin da ta aiko mini a kan ƙaramin allon kwamfutar da na raina, nan ma kome lafiya lau. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Wannan ne ya sa na koma ɗalibi, na shiga bin diddigin abin da ya faru, kuma abin mamaki, amsar farko a cikin harshenmu na same ta. Bahaushe bai haɗa aikin ido a kalma ɗaya ba. Akwai gani, akwai hange, akwai leƙe, akwai kallo, akwai dubawa. Ana kallon dambe, ana kallon hawan salla, ana kallon wasan kwaikwayo. Amma littafi duba shi ake yi, malami duba takardun jarrabawa yake yi, likita kuma duba mara lafiya yake yi, in kuwa aka ce likita ya tsaya yana kallon mara lafiya, to, ana nufin bai tsinana masa kome ba. Kallo daga nesa ake yin sa, a kishingiɗe, cikin jama'a, kuma abin da ake nema shi ne motsi da launi. Dubawa kuwa sai an matso, an natsu, an bi abu ɗaya bayan ɗaya. Talabijin tun ranar da aka ƙirƙiro shi don kallo aka yi shi, kuma duk wata dabara da injiniyoyi suka zuba a cikinsa don ta gamsar da mai kallo ce. Allon kwamfuta shi ne na mai dubawa. Ni kuwa na ɗauki abin kallo na ba shi aikin dubawa, sa'annan na ɗora laifin a kan wadda ba ta ji ba ta gani ba.

Ba kuma yau abin ya faro ba. Da yawa daga cikin kwamfutocin farko da suka shiga gidajen mutane a Turai da Amurka ba su zo da allonsu ba, a kafar eriyar talabijin ake soka su. Haka aka yi da ZX81 da kamfanin Sinclair ya fitar a Ingila a 1981, haka aka yi da Spectrum da Commodore 64 a 1982. Mu ma nan, da yawa daga cikin tsararrakina a jikin talabijin ɗin falo suka fara taɓa wani abu mai kama da kwamfuta, wato 'yan na'urorin wasan nan masu kaset da suka cika kasuwa a shekarun 1990. Sai dai mai karatu ya lura da wani abu. Na'urorin Sinclair haruffa 32 kawai suke jerawa a layi ɗaya, Commodore 64 kuma 40. A daidai wannan lokaci, kwamfutar ofis da kamfanin IBM ya fitar a 1981, wadda ake haɗawa da allonta na musamman, haruffa 80 take jerawa. Dalili shi ne in aka cusa haruffa 80 a layi ɗaya a talabijin na wancan zamani, cakuɗewa suke yi, ba mai iya karanta su. Tsarin PAL, wanda gidajen talabijin ɗinmu suka yi aiki da shi, layuka 625 ne da shi, 576 ne kawai ake gani, kuma ba a zana su a tashi ɗaya, sai a zana rabi a tsallake rabi, sa'annan a dawo a cike gurbin. Ga fuskar mai karanta labarai wannan ba kome ba ne, amma siririn layi irin na rubutu rawa yake yi a ido. Ashe injiniyoyi sun san matsalar da ta kama ni fiye da shekara 40 da suka wuce.

Na san za a ce ai wancan tsohon zance ne, yanzu talabijin da monita duk falle ɗaya ne na gilashi, kuma tun da aka fito da HDMI a farkon shekarun 2000 waya ɗaya ce take shiga kowannensu. Gaskiya ne, kuma nan ne tarkon yake, domin shigar waya ba ita ce dacewa ba. Kowane allo na zamani tarin ƙananan ɗige-ɗigen haske ne da aka jera a tsaye da kwance, kuma da su ake gina kowane harafi. Inci da ɗan kasuwa yake faɗa maka faɗin filin kawai yake nunawa, daga kusurwa zuwa kusurwa, bai gaya maka yawan ɗigon da ke ciki ba. Da na koma na karanta ƙananan rubutun da ke bayan kwalin nawa, sai na tarar ɗigo 1366 ne a kwance, 768 a tsaye, wato irin wanda ake yi wa laƙabi da HD Ready. Wannan kuwa shi ne daidai adadin da ke cikin ƙaramin allon kwamfutata mai inci 14. Ke nan ban ƙaru da ɗigo ko ɗaya ba, abin da na yi kawai shi ne na baje su a filin da ya ninka na da fiye da sau biyar. A ƙaramin allon, kowane inci yana ɗauke da ɗigo kusan 112, a talabijin ɗin kuwa 49 kacal. Tamkar mai koko ce ta ƙara ruwa a kan gasarar da ba ta ƙaru ba: kwano ya cika, amma kokon ya tsinke.

Na kuma ƙara wa kaina da wani kuskuren. Saboda ina son shafi ya fito gaba ɗaya, sai na umarci kwamfutar ta riƙa aika hoto mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, talabijin ɗin kuma ya karɓa bai yi musu ba. Abin da ban sani ba shi ne karɓa kawai yake yi, ba shi da wurin ajiyewa. Ana aiko masa ɗigo sama da miliyan 2, shi kuwa gurbin miliyan 1 da 'yan kai ne da shi, saboda haka sai ya dama su ya zubar da kusan rabi. In fim ne, babu wanda zai lura an zubar da rabin ganyen bishiyar da ke bayan jarumi. Amma lanƙwasar da ke kan ƙa a ƙaramin rubutu na cikin jadawali ba ta wuce ɗigo ɗaya ko biyu ba. Tana cikin abin da aka zubar.

Saura batun jan rubutu, wanda shi ne ya fi ba ni sha'awa, ya kuma fi ba ni haushi, tun da ni na ce ta yi amfani da shi. Lokacin da aka zo shigar da launi cikin talabijin, a Amurka a 1953, a Ingila da Jamus ta Yamma kuma a 1967, sai aka tarar dole a cusa shi a cikin hanyar da aka riga aka shata wa hoton fari da baƙi. Masana suka dogara da wata ɗabi'a ta idon ɗan Adam, cewa ya fi kaifi wajen rarrabe haske da duhu a kan rarrabe launi da launi. Saboda haka aka ba haske cikakken kasonsa, aka tauye na launi. Wannan tsumulmula ta bi mu har zamanin dijital. A faifan DVD, da tashoshin tauraron ɗan Adam, da bidiyon YouTube, kowane ɗigo yana da nasa bayanin haske, amma ɗigo huɗu ne suke tarayya a bayanin launi guda, tsarin da ake kira 4:2:0. Talabijin da yawa, in ba an hana su ba, haka suke tauye launin duk abin da aka aiko musu, ko daga kwamfuta ne. Baƙin rubutu a kan farin shafi yakan tsira da ɗan dama-dama, domin shi bambancin haske da duhu ne tsantsa. Ja da shuɗi su ne suke narkewa a gefe kamar tawadar da ruwa ya taɓa. Mai nazarin rubutun ajami ya yi tunanin abin da wannan yake nufi gare shi. A Alƙur'anan da mahaddatanmu suke rubutawa da hannu, baƙaƙe da baƙar tawada ake yin su, wasulla da ja, hamza kuma da rawaya. Wato daidai abin da yake raba karatu da karatu shi ne abin da talabijin ya ɗauka bai da muhimmanci.

Akwai wasu halayen gado da suka rage, ba sai na daɗe a kansu ba. Talabijin yakan faɗaɗa hoto kaɗan ya yanke gefunansa, al'adar da ta samo asali tun zamanin masu ƙwan gilashi a baya, waɗanda bakin hotonsu ba ya daidaituwa, shi ya sa nawa ya cinye rabin layin ƙasa inda agogo yake. Yakan kuma zana wani farin kewaye a jikin abubuwa wai don su fito raɗau, wanda a jikin harafi ƙazanta ne kawai. Sa'annan duk wannan kwalliya lokaci take ci, har a wasu akwatunan jinkirin yakan kai kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sai ka motsa linzami ka ga 'yar kibiyar tana biyo ka a baya kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ina haramta abin ne baki ɗaya. Adalci ya sa in faɗi cewa akwai talabijin ɗin da ya dace da wannan aiki, har ma ya fi monita da yawa. Wanda ake kira 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye. In mai inci 43 ne, kowane inci yana da ɗigo kusan 102, alhali monita mai inci 24 da ɗigo 1920 da 1080 tana da 92 ne. A lissafi, tamkar an jera monita huɗu ne masu inci 21 da rabi, biyu a sama biyu a ƙasa, babu katanga a tsakaninsu. Wani abokin aikina mai nazarin tsofaffin rubuce-rubucen ajami irin wannan yake amfani da shi, hoton takardar a dama, juyinsa zuwa boko a hagu, ƙamus a ƙasa, kuma na zauna a gabansa na ga ɗigon imala ƙarara kamar a tafin hannu. Sai dai bai kai ga haka ba sai da ya yi wa akwatin tarbiyya. Ya shiga saiti ya canza sunan kafar da ya soka wayar zuwa PC, wanda a akwatuna da yawa na Samsung da LG shi ne yake sa su daina tauye launi. Ya kashe yankan gefe, abin da LG suke kira Just Scan, Sony kuma Full Pixel. Ya rage ƙarin kaifin nan, ya kashe duk wata dabarar gyaran motsi, ya kunna yanayin da aka tanada don masu wasan bidiyo, wanda yake rage jinkiri ƙwarai. A taƙaice, sai da ya kashe duk abin da ya sa talabijin ya zama talabijin.

Ko bayan haka akwai sharaɗin da ba a jikin akwatin yake ba. Kafar HDMI iri-iri ce, ko da yake a ido duk ɗaya suke. Samfurin 1.4 na 2009 ba ya iya aika hoton 4K fiye da sau 30 a daƙiƙa, wanda yake sa kome ya riƙa tafiya da ɗingishi. Sai samfurin 2.0 na 2013 ne ya kai sau 60 da cikakken launi. Kwamfutocin gwanjo da ake shigo mana da su, waɗanda su ne a hannun akasarin malamai da ɗalibai, da yawansu tsohuwar kafar ce da su. Mutum zai iya kashe kuɗinsa a kan talabijin mai kyau, ya je gida ya tarar kwamfutarsa ce ba za ta iya ciyar da shi ba. Ga kuma zancen mazauni. Allo mai inci 43 faɗinsa ya kusa mita guda, saboda haka wanda ya zauna dab da shi kamar yadda ake zama gaban monita, wuyansa ne zai biya kuɗin, yana waiwaye dama da hagu kamar mai tsallaka titi. Sai an ja baya kamar mita ɗaya, kuma kada a kafe shi can sama a bango yadda ake yi a falo. Wutar da yake ci ma abin dubawa ce ga wanda ya dogara da batirin sola, domin monita mai inci 24 takan tsaya a wat 20 zuwa 30, shi kuwa yakan ninka haka sau biyu ko uku.

Wani abu kuma da ban taɓa kawowa a raina ba sai da na shiga wannan bincike shi ne sirri. Monita kurma ce, bebiya ce, abin da aka ba ta kawai take nunawa. Talabijin na zamani mai shiga intanet kuwa yana da kunne da baki. Da yawansu suna ɗauke da wata manhaja da take ɗaukar samfurin abin da ke kan allo lokaci-lokaci, ta aika wa kamfani don a gane abin da mutum yake kallo, a san irin tallar da za a turo masa. A 2017 hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Vizio ya biya dala miliyan 2.2 saboda tattara irin waɗannan bayanai daga akwatuna miliyan 11 ba da yardar masu su ba. A 2024 kuma wasu masu bincike daga jami'o'i a Landan da Kalifoniya da Madrid suka nuna cewa a akwatunan Samsung da LG da suka gwada, wannan manhaja tana ci gaba da aikinta ko da an mayar da akwatin allon kwamfuta ta wayar HDMI. Ba hoton shafin ne ake aikawa ɗungurungum ba, wani taƙaitaccen tambari ne nasa, amma duk da haka ni ban ga dalilin da zai sa malamin da yake shirya tambayoyin jarrabawa, ko lauya mai rubuta takardar wanda yake karewa, ko likita mai duba bayanan marasa lafiya, ya bar irin wannan ƙofa a buɗe ba. Maganin mai sauƙi ne: a kashe ta a saiti, ko kuma kada a haɗa akwatin da intanet sam. Wannan fa ban da idon gida, domin sakamakon jarrabawar da aka baje a allo mai inci 43, duk wanda ya shigo da sallama ya karanta.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne kan yadda ma'aikatunmu suke sayen waɗannan kaya. A ɗakunan taro da dama yanzu talabijin ya maye gurbin majigi, kuma wannan daidai ne, tun da can hange ake yi daga nesa, ba ya kuma bukatar a rufe tagogi. Amma abin ya zarce zuwa teburan ma'aikata, inda za ka ga an kafa wa akawu ko sakatare ƙaton akwati, ya yini yana ƙanƙance ido a kan alƙaluma, saboda wanda ya rubuta takardar sayen kaya inci kawai ya sani, kuma a wurinmu girman allo ya zama wani ma'aunin girman kujera. Kwamitin da zai sayi mota ba zai tsaya a kan tsawonta kawai ba, sai ya tambayi inji. Me zai hana a rubuta yawan ɗigo a takardar, a kuma ce sai an gwada da rubutu kafin a biya? Sifili da takwas a takardar albashi ba su fi ka da ƙa wuyar rikiɗewa ba.

Mu masu rubutu da Hausa kuwa muna da dalili na musamman na yin taka-tsantsan, domin lanƙwasar nan ba a banza muka same ta ba. Kafin a tsayar da ita a shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East yake jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi, wasu waƙafin sama. Bayan an tsayar da ita ma, keken rubutu bai san da zamanta ba. Na tarar da zamanin da mai buga kundi zai gama aikinsa a tafireta, sa'annan ɗalibi ya zauna da biro yana bin shafi ɗaya bayan ɗaya yana ɗora wa haruffa ƙugiya. Da kwamfuta ta zo, sai da irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka zauna a shekarun 1990 suka ƙera samfurin haruffa na musamman, kamar wanda aka sani da Rabi'at, kafin mu iya buga ƙa da ɗa da ɓa, kuma in ka aika wa wanda ba shi da samfurin, wasu alamomi ne daban za su fito masa. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane harafinmu lambarsa, amma an ɗauki shekaru kafin ya game na'urorin da ke hannunmu. Yau yaro yana iya rubuta ƙ a wayarsa ba tare da ya roƙi kowa ba. Bayan duk wannan tafiya, abin takaici ne a ce a taki na ƙarshe, tsakanin gilashi da ido, za a sake yar da ita. Kuma babu wani injiniya a Koriya ko Sin da zai gwada akwatinsa da bambancin faɗa da fada kafin ya sa a kwali. Wannan gwaji namu ne, in ba mu yi ba babu mai yi mana.

Saboda haka na shirya wani shafi guda da nake ajiye da shi a kwamfuta. Jimla ɗaya ce a cikinsa: baƙi sun yi faɗa a fada, sun bar ƙoƙon koko a ƙofa. Na rubuta ta da ƙaramin rubutu mai lamba 9, sau huɗu, da baƙi, da ja, da shuɗi, sa'annan da ja a kan shuɗi. Duk abokin aikin da ya ce mini zai sayi allo, nakan ba shi, in ce ya ɗauki kwamfutarsa da wayarsa ya tafi da su shagon, ya ce a cire fim ɗin furanni da tsuntsayen da suke nunawa a sa masa wannan, ya kuma zauna daidai nisan da zai riƙa zama a gida.

Ɗalibar tawa na ba ta haƙuri a gaban shugaban sashe, tun da a gabansa na cire sunanta. Ta ce, “Haba Malam, ai ba kome,” amma na san da kome, domin wata guda ta yi asara, ga kuɗin motar zuwa da komowa, ga kwana uku da ta yi tana neman laifin da babu shi. Ta gabatar da aikinta a taron da ya biyo baya. Talabijin ɗin ya koma falo, inda yara suka karɓe shi hannu bibbiyu, kuma a can babu wanda ya taɓa kuka da shi.

Da na tara abin da ya samu, na koma shagon nan da kwamfutata a jaka. Matashin ya gane ni, ya taso da fara'a yana tambayar yadda iyali suke jin daɗin kaya. Na ce ya jona mini irin wanda ya sayar mini, na buɗe shafin, na ce ya karanta mini layin ja. Ya matso, ya ja da baya, ya karkata kai, sa'annan ya karanta da ƙarfi, “Baki sun yi fada a fada.” Ya tsaya, ya ce, “Yallaɓai, wannan wace irin Hausa ce?” Na ce ya cire wayar ya soka a jikin ƙaramar monitar da ya ce ko magana ba ta yi. Ya soka, ya sake dubawa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'annan ya tambaye ni ko zan bar masa shafin a filashinsa. Na bar masa, ya rage mini kuɗin waya, na saɓo monitar na fito.